Wai daga ina jinin shaiɗan ya shigo gidan Mishima, kuma me ya sa ban gamsu da labarin Heihachi ba

Duk wanda bai gama labarin wasan gem na faɗa Tekken 7 da Tekken 8 ba kuma yana so ya gani da idonsa to ya dakata anan, dan zan fasa ƙwan gaba ɗaya ba abun da zan ɓoye.

Mu da muka taso a gidan gem yawancinmu bamu san ma Tekken na da labari ba, kuɗi ka biya hannu biyu ne kawai a shagon mutum goma na jira a bayanka, wa zai barka ka tsaya kallon bidiyon farko? Ka ɗauki Eddy ko Paul ko Hwoarang a fara duka shikenan. Heihachi kuwa tsohon nan ne mai sanƙo da gashi biyu a tsaye kaman ƙaho, kowa ya san shi ne bos amma ba wanda ya tambaya me ya mayar da shi haka. Sai daga baya da mutum ya samu nashi a gida ya zauna ya bi labarin tun daga 1994 da Namco suka fito da na farko, sannan zai gane cewa akwai mutane a duniya da suka shekara ashirin suna musu akan tambaya ɗaya tak, wai daga ina wannan shaiɗanin da ke jikin Kazuya ya fito, kuma tsakanin uba da ɗa waye asalin mugun.

A na farko abun a sauƙaƙe yake. Heihachi ya ɗauki ɗansa Kazuya yana ɗan shekara 5 ya wurgo shi daga saman dutse, wai yana so ya ga ko yaron na da ƙarfin da zai gaje shi, in ya hauro to ɗansa ne in ya mutu dama bai cancanta ba. Akwai wani tsohon zance a Japan cewa zaki na jefa 'ya'yansa kwazazzabo ya reni wanda ya iya haurowa, daga nan aka ɗauko. Yaron bai mutu ba, ya tashi da ƙaton tabo a ƙirji, kuma yadda aka faɗa a lokacin shine yana kwance tsakanin rai da mutuwa sai wani shaiɗani ya zo masa suka ƙulla yarjejeniya, ya bashi ƙarfi dan ya rama. Kenan a Tekken 1 da 2 shaiɗanin wani abu ne daga waje, ya shiga jikin yaro dan ya same shi cikin ƙiyayya. Kazuya ya girma ya ci gasar faɗan da uban ya shirya yana da shekara 26 ya ɗauki uban ya wurga shi daga wannan dutsen yana murmushi, a na biyu uban ya dawo ya ci shi ya jefa shi cikin dutse mai aman wuta. Ba maganar jini ba maganar gado.

Tekken 4 ne ya canza komai a 2001. Anan aka fara kiran abun Devil Gene, wato ya koma ƙwayar halitta da ake iya gani a ɗakin gwaji, kamfanin G Corporation suka tsinci gawar Kazuya suka farfaɗo da shi, ya shekara 20 a wajensu ana ta bincike akansa. Kuma anan aka faɗi abu ɗaya da ya hana mutane barci, masu binciken Heihachi sun so su haɗa jinin Ogre, dodon da ke bos a Tekken 3, da nashi dan ya zama halittar da ba irinta, abun ya ƙi, dalili kuwa shi Heihachi bashi da wannan ƙwayar. To in abun gado ne, ɗa na da shi jika Jin na da shi amma uba bashi da shi, ta ina ya shigo?

Hasashe na farko da ya fi kowanne farin jini shine Jinpachi. Da Tekken 5 ya fito a 2004 aka ga mahaifin Heihachi, wanda ya kafa kamfanin gidansu Mishima Zaibatsu, ya fito daga ƙarƙashin haikalin Hon-Maru inda ɗan nashi ya ɗaure shi shekaru har yunwa ta kashe shi, ya fito da ƙaton baki mai haƙora a cikinsa yana feso wuta, wallahi duk wanda ya buga wannan bos ɗin ya san azabar da ya sha. Nan take mutane suka ce ai magana ta ƙare, barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe, kaka na da shi sai ya tsallake Heihachi ya sauka akan Kazuya, kaman yadda wani ciwon ko wata kama kan tsallake ɗa ta faɗa kan jika. Har wasu suka ɗora akai cewa hassada ce ta sa Heihachi ya tsani ubansa da ɗansa duka, su suna da abun shi bashi da shi. Gaskiya hasashen ya yi daɗin ji kuma ya daɗe yana yawo. Amma ko a lokacin akwai inda yake yoyo, dan Jinpachi bai yi kama da Devil Kazuya ko Devil Jin ba ko kaɗan, ko fukafuki bashi da su, kuma wasan da kansa ya nuna mutumin kirki ne da wani mugun abu ya shige shi bayan ya mutu, har wasiƙa ya aika wa tsohon abokinsa Wang Jinrei yana roƙo a zo a tsayar da shi kafin ya yi ɓarna.

Wasu kuma suka tsaya akan tsohon labarin, suka ce yarjejeniyar nan ta ƙasan dutse ita ce asali, shaiɗanin ya shiga jikin yaro ya sauya masa jini daga nan abun ya zama na gado. Su hujjarsu ita ce Jin, dan an ce lokacin da Kazuya ya faɗa wuta rabin shaiɗanin ya fita ya nufi ɗan da ke cikin Jun Kazama, uwar Jin, kuma a Tekken 4 Kazuya da kansa ya zo neman rabin nan a jikin Jin. Ni wannan ya fi kwanta mun a da can saboda baya buƙatar a ƙirƙiro wani sabon mutum. Akwai kuma 'yan tsiraru da tun lokacin suke cewa ku duba wajen uwa mana, tunda ba'a taɓa nuna matar Heihachi ba, ba'a cika kula su ba amma su ne suka yi daidai.

Tekken 6 ya ƙara dagula lissafin ta hanya biyu. Ya kawo Azazel, ƙaton dodon nan da ke kulle a wani tsohon haikali cikin hamada, wanda Jin ya tayar da yaƙin duniya dan kawai ya fito da shi ya kashe shi yana tunanin in ya mutu jinin zai bar jikinsa, kuma da aka tsinci Jin a cikin rairayi daga ƙarshe tambarin na nan a damtsensa bai goge ba. Sannan ya kawo Lars Alexandersson, ɗan da Heihachi ya haifa da wata mata 'yar Suwidin, jinin Mishima ne sak har wutar lantarkin nan ta gidansu yana da ita amma ba shaiɗani a jikinsa. Masu ra'ayin Jinpachi suka ce to shi ma tsallake shi aka yi, masu ra'ayin uwa suka ce a'a, uba ɗaya uwa daban sakamako daban, me kuke so kuma a nuna muku.

Sai Tekken 7, 2015 a injinan wasa na Japan 2017 a gida, aka fito da Kazumi, matar Heihachi. Kuma a nan ne nake so in daɗe dan a nan matsalata take.

Ga yadda aka bada labarin. Kazumi 'yar gidan Hachijo ce, tun tana yarinya ta zo koyon faɗa wajen Jinpachi, suka taso tare da Heihachi suka so juna suka yi aure ta haifi Kazuya. Wata rana zazzaɓi ya kamata, daga nan ta fara rikiɗa, yau ta kai wa mijin hari gobe ta tashi bata tuna komai ba. Daga ƙarshe ta fito masa a siffar shaiɗan ta ce gidansu ne suka turo ta, aikinsu shine kawar da duk wanda zai zama bala'i ga duniya kuma sun hango shi ne, auren ma dan haka aka yi. Suka yi faɗa ya fi ƙarfinta ya karya mata wuya hawaye na zubo masa. Sannan ya dubi ɗansa ya ce wannan ma ƙila ya gado, sai ya jefa shi daga dutse, in ya rayu to jinin na jikinsa. Tekken 8 a Janairun 2024 ya ƙarasa zancen da cewa tushen abun Azazel ne, ta wajensa ya shigo zuri'ar Hachijo.

Ranar da mutane suka ga wannan sai intanet ta juye, ashe Heihachi ba mugu bane, ashe bawan Allah ne da matarsa ta ci amanarsa yake ƙoƙarin ceton duniya shi kaɗai ba wanda ya fahimce shi. Kuma na gane dalili, an yi wajen da kyau sosai, faɗan ƙarshe tsakaninsa da Kazuya a bakin wuta da ake ta dawo da hotunan baya yana taɓa zuciya, tsoho ɗan shekara 75 ba shaiɗani ba komai sai ƙashi da tsoka yana tashi ana kayar da shi yana sake tashi, ni kaina jikina ya yi sanyi.

Amma ku tuna daga bakin wa muka ji labarin. Heihachi ne ya zaunar da wani ɗan jarida da ya rasa matarsa da ɗansa a yaƙi ya bashi labarin da bakinsa, dab da zai tafi faɗan da ya san ƙila bazai dawo ba. Kazumi ta mutu, Jinpachi ya mutu, Kazuya yana ɗan shekara 5 lokacin. Mutum ɗaya ne ya rage da ya ga abun da ya faru a wannan ɗakin kuma shi ne wanda ake tuhuma. Akwai masu hasashen cewa bai faɗi gaskiya duka ba kuma ni ina tare da su, ba wai ƙarya ya shara daga farko har ƙarshe ba, dan Akuma, baƙon da aka ɗauko daga wasan Street Fighter, shaida ne cewa Kazumi ta roƙe shi ya kashe Heihachi in ita ta kasa, har da Kazuya in ya bi hanyar uban, kenan maganar an turo ta gaskiya ce. Abun da ban yarda da shi ba shine dalilin da ya bayar na jefa yaron.

Ku duba mana. In gwaji ne dan a gane ko jinin na jikinsa, to yaron ya hauro, gwaji ya nuna yana da shi, sai me ya biyo baya? Mutumin da ya karya wuyan babbar mace a cikakkiyar siffar shaiɗan zai kasa gamawa da yaro ɗan shekara 5 da ya dawo jina jina? Bai kashe shi ba. Ya ci gaba da riƙe shi a gida yana koya masa karaten Mishima, har ya je ya ɗauko Lee Chaolan daga titi a China ya mayar da shi ɗa dan kawai Kazuya ya samu abokin gasa ya ƙara kaifi. Wanda ke tsoron abu baya wasa shi haka. Kuma in yaron ya mutu a ƙasan dutsen fa, me gwajin ya nuna? Ya nuna ka kashe ɗanka mai lafiya a banza. Uban da ya yarda da wannan cinikin tun kafin ya ɗaga yaron sama ya riga ya zama abun da ya zama.

Na biyu, Tekken 4. Mutumin da wai ya sadaukar da rayuwarsa dan ya shafe jinin shaiɗan daga doron ƙasa shi ne ya tura sojojinsa na Tekken Force su fasa ɗakunan binciken G Corporation dan su kwaso masa gawar ɗansa, ya ɗaure jikansa da sarƙa a Hon-Maru, duk dan ya samu ƙwayar ya zuba a jikinsa. Masu kare shi suna cewa ai marubutan ne suka canza labari daga baya, lokacin Tekken 4 basu san za su yi Kazumi ba. Haka ne, kowa ya san an yi ta gyara labarin ana tafe. Amma basu goge Tekken 4 ba, yana nan cikin tarihin, to dole a karanta su tare, kuma in ka karanta su tare abun da zaka gani shine mutum da ya ga wani irin ƙarfi a jikin matarsa ranar da ya kasheta, ya tsane shi kuma ya yi sha'awarsa lokaci ɗaya, ya ƙare rayuwarsa yana zagaye shi.

Na uku shi ne ya fi mun nauyi, Jinpachi. Shi ba shaiɗani a jikinsa lokacin, ba Hachijo bane, ubansa ne da ya haife shi ya koya masa duk abun da ya iya. Heihachi ya ƙwace kamfanin daga hannunsa, da tsohon ya yi yunƙurin karɓowa ya kulle shi a ƙarƙashin ƙasa ya barshi da yunwa. Wane jini yake gwadawa anan? A lissafin shekarun da wasan ya bayar Heihachi na da shekara 52 a Tekken 1 Kazuya na da 26, kenan yana wajen 31 ya jefa yaron, saurayi ne da ƙarfinsa da hankalinsa, kuma a wannan tsakanin ne ya kawar da uba ya kashe mata ya jefa ɗa. Shi ya sa nake ganin mutanen Hachijo ba ƙarya suka hango ba. Akwai masu cewa hasashen nasu ne ya haifar da kansa, da basu turo Kazumi ba da Heihachi bai lalace ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki dan cin amanar wanda kake so tun yarinta ba ƙaramin abu bane, yana iya ƙona duk sauran tausayin da ya rage. Amma kwaɗayin mulki yana nan kafin zazzaɓin Kazumi.

Wani abun lura da masu bin labarin suka tsinto wanda nake ganin ya fi duk sauran kaifi shine yadda jinin ke farkawa. Kazuya ya faɗo daga dutse sannan abun ya tashi. Jin ya shekara 4 a gidan kakansa yana koyon faɗa ba fukafuki ba komai, sai da ya gama da Ogre a Tekken 3 Heihachi ya saka sojojinsa suka buɗe masa wuta shi kuma ya ƙarasa shi da harsashi a ka, a nan ne ya miƙe da jan ido ya fasa bango da kan tsohon ya buɗe fukafuki ya tashi sama. Kenan sai an kai mai shi bakin mutuwa abun ke fitowa, kuma sau biyu hannun da ya kai su bakin mutuwar hannu ɗaya ne. Jin yaro ne da Jun ta rena a dajin Yakushima ta ce masa in wani abu ya same ni ka nemi kakanka, ya zo da amana yana ɗan shekara 15, da an barshi ƙila har ya tsufa ba wanda zai san me ke jininsa.

Kar a ce ina wanke Kazuya, ko kusa. A Tekken 2 da ya karɓi Zaibatsu ya fi uban ɓarna, kuma ƙarshensa na Tekken 5 har yau yana damuna, inda ya rungumi Jinpachi yana tuna lokacin da yake yaro kakan na koya masa faɗa suna dariya, kana cewa yanzu zai yi kuka sai ido ya yi ja ya soke tsohon da hannu. A Tekken 8 kuma bayan an wanke shi daga jinin gaba ɗaya, shi da Jin sun koma mutane zalla, bai tsaya ba ya ci gaba da kai duka, in ma ka faɗi a faɗan ƙarshe zaka ga ya ɗauki Jin ya wurga daga dutse irin yadda aka yi masa. Ba Azazel a jikinsa a wannan lokacin, abun da ya koya a hannun ubansa ne kawai ya rage kuma ya isa.

Yanzu musun ya koma kan Reina. Yarinya ce 'yar makarantar Mishima da ta shigo Tekken 8 tana faɗa da salon Heihachi sak har da irin takunsa, aka gano 'yarsa ce, ta je da gangan ta tari harin Kazuya kowa ya ɗauka ta mutu, bayan an gama rubutun ƙarshe sai gata ta miƙe da jinin shaiɗan a farke, wanda ya ƙara tabbatar da maganar bakin mutuwa, kuma ya nuna ta san dokar tun kafin ta je, wani ne ya faɗa mata. Tsofaffin masu ra'ayin Jinpachi suka farfaɗo suka ce kun gani, ashe dai Heihachi na ɗauke da shi a ɓoye. Ban yarda ba, Lars na nan kuma gwajin Tekken 4 na nan. Wasu suka ce a ɗakin gwaji aka haɗa ta da ragowar jinin Kazumi ko na Kazuya, wannan yana iya yiwuwa tunda Zaibatsu sun daɗe suna irin wannan binciken. Wasu kuma suka ce uwarta wata 'yar Hachijo ce daban.

Harada, wanda ya daɗe yana jagorantar haɗa wasan, ya sha faɗa cewa Heihachi ya mutu murus bayan Tekken 7, sai gashi a 2024 an dawo da shi, wasu sufaye da ake kira Tekken Monks sun cece shi daga wutar ya manta ko shi waye, ya zauna cikinsu mutum mai natsuwa kaman ba shi ba, ranar da tunaninsa ya dawo kuwa su ya fara juyawa kansu, sannan aka nuna shi da Reina a siffarta ta shaiɗan ba alamar tsoro ko ƙyama a fuskarsa. Wannan shi ne mutumin da aka ce mana ya kashe matarsa ya jefa ɗansa saboda tsoron wannan jinin. Ko a ɗakin gwaji aka yi ta ko 'yar Hachijo ce ta haife ta, duk biyun sai da saninsa da yardarsa, ni na fi karkata ga na biyun, cewa bayan Kazumi da shekaru masu yawa ya koma neman wannan zuri'ar da ƙafarsa dan ya samu ɗa mai jinin wanda a wannan karon zai taso yana sonsa yana masa biyayya, abun da bai samu a wajen Kazuya ba kuma ya ɓata da hannunsa a wajen Jin.